Malama Safete da Kalmomi Masu Taurin Kai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar 11 ga watan Fabrairu, ina tsakiyar darasi, ƙanwarki Merita ta aiko a gaya mini cewa Malama Safete Dema ta cika. Na ajiye alli, na sallami yara, na zauna a kujerar da kika bar mini.

Malama, duk wanda ya iya Turanci a garin Kukes, a bakinki ya tsinta ko a bakin wanda kika koyar. Muna yara, zamanin da iyakar Albaniya take a rufe ruf, kike koya mana harshen ƙasar da ba ki taɓa gani ba. Darasin jam'i shi ne abin sonki. Kikan ce yawancin sunaye masu ladabi ne, harafin s kawai za a liƙa musu su yawaita: book ya zama books. Amma akwai masu taurin kai, su ne man da men, tooth da teeth, mouse da mice. Ranar da na ce foots, kika dube ni ta saman tabarau.

"Petrit, ƙafar taka ce ka yi wa wutsiya? Feet ake cewa. Zauna, kada ka taka ta."

Wannan bakin ne ya jawo miki. Wata rana kika rubuta sheep a allo, kika ce tunkiya ɗaya sheep, dubu ma sheep, kamar mu dai, komai yawanmu shinge ɗaya ne. Muka yi dariya. Maganar ta kai kunnen hukuma, aka tura ki wani ƙauye can kan duwatsu inda ƙanƙara ke toshe hanya rabin shekara. A can kika yi goyon ɗanki Gazmend, a can kika binne mijinki.

Da aka buɗe iyaka kika dawo Kukes, kowa ya ce Malama ce za ta fara tafiya. Sau biyu kika nemi biza, sau biyu aka hana ki. Ɗalibanki kuwa suka dinga zarewa, wasu ta jirgin ruwa, wasu a bayan manyan motoci. Kafin su tafi sai sun hau benenki, kin ba su shayi da burodi, kin gyara musu harshe, ba ki taɓa karɓar komai ba. Gazmend ma ya bi sahu. Ya isa Ingila, yana aikin gini ba takardun zama. In ya fito ba zai iya komawa ba, ga mata da 'ya'ya a can. Haka kuka rayu, kowa a bayan nasa shingen.

Shekarar da kika yi ritaya kika leƙa wani aji, yaro ɗaya ne ya zo. Kika ce mini, "Na ƙare rayuwata ina koya musu children, ga shi aji ya koma child."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ki a hawa na huɗu, benen da ba shi da lif mai hawa da mutane. Daga nan duniyarki ta zama gado da taga. Nakan zo ranar Asabar da jarrabawar yara, ki riƙe jan biro da hannun hagu, kina farautar kurakurai irin su childs da womans kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata rana takaici ya ci ni, na ce ni fa na gaji, Turancin nan ne ya kwashe mana gari, kowane yaron da na koyar asararsa muke yi.

Kika daɗe kina harhaɗa kalmomi, don harshenki ya yi nauyi. "Ɗana, wanda aka taɓa kullewa ba ya ɓoye wa wani makulli. Koma ka koyar."

Na koma, Malama. Har yau ina koyarwa, har yau suna tafiya.

A maƙabarta ni na riƙe waya, Gazmend yana kallo daga wurin aikinsa, da hular kwano a ka. Liman ya gama addu'a. Da aka fara tura ƙasa sai na ji muryar Gazmend.

"Yaya Petrit, don Allah ɗebi ƙasar ka zuba mata a madadina. Matso da wayar in gani."

Na durƙusa na zuba da hannuna. Ya ce in ƙara, na ƙara.

Ya Allah, baiwarKa Safete ta sha ƙunci a duniya, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ilimin da ta bayar ya zame mata sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Merita da ta yi jinyarta, da ɗalibanta da ke warwatse a ƙasashen mutane. Kai kuma Gazmend, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya buɗe maka hanya ka zo ka tsaya a kan kabarin mahaifiyarka da ƙafafunka. Kafin ranar, ni zan riƙa zuwa in share shi.