Jirgin da Kawu bai shiga ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Tremont, unguwarmu a Bronx, mu huɗu a motar mijin yayata: shi yana tuƙi, yayata a gefensa, ni da Kawu a baya. Kawu wan mahaifiyarmu ne. Daga Kano ya zo aka yi masa aikin ido, kuma saura 'yan kwanaki ya koma. Mun kai shi dogayen benaye da manyan kantuna, duk "madalla" kawai yake cewa. Abu ɗaya ya taɓa roƙa da bakinsa. Yana saurayi ya yi aiki a ɗakin injin jirgin ruwa a Legas, kuma tun da ya bari bai sake taka jirgi ba. Da ya ji akwai wani gari a bakin tafkin Ontario inda aka ajiye tsofaffin jirage ana shiga har ciki, sai ya ce tunda idonsa ya buɗe, yana so ya sake ganin ɗakin inji ko sau ɗaya. Na musanya ranar aikina da wata, muka sa rana.

Hanya lafiya lau, sai dai kuɗin titi da ake ta zara a hannunmu. Lokacin sanyi ya matso, ganyaye sun koma ja da rawaya, har Kawu ya tambaya ko cuta ce ta kama itatuwan. Ya sha farar shaddarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. A wurin hutawa muka sayi shayi ruwa-ruwa da ɗan burodi, kuɗin da a Mount Hope, can wajen unguwarmu, zai sama maka tuwo da miya har da nama.

Muna dosar Syracuse da hantsi mijin yayata ya kauce daga babban titi. Wai matar abokinsa ta haihu bai je barka ba, kuma a wuce ta ƙofar mutum ba a leƙa ba, rashin mutunci ne. Na ce mu tsaya a dawowa mana. Ya ce, "Haba, just mu ce barka mu wuce. Ko takalmi ba za mu cire ba."

Mun cire takalmi. Matar gidan 'yar Kumasi ce, ta rantse ba mai fita sai ya ci waakye, shinkafa da waken nan nasu, alhali ko waken bai hau wuta ba. Aka yi azahar. Maigidan ya kira maƙwabta su zo su gaida babban baƙo, kowa ya zo da gaisuwarsa mai tsawo da labarin nasa ciwon idon. Na yi ta hararar yayata, ta matso ta ce min a kunne kada in kunyata su a gidan mutane. Kawu yana zaune, hularsa a kan gwiwa, yana amsa gaisuwa yana satar kallon ƙofa. Abincin ya yi daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba, amma da ƙyar ya wuce min.

Sai bayan la'asar muka shiga garin da ke bakin tafkin. Gari ne mai kyau, wannan ma ya ƙara min haushi. Ruwa ya miƙe har ba a hango ɗaya gaɓar, ga hasumiyar fitilar jirage can a ƙarshen wata katanga, ga tsohuwar ganuwar soja ta dutse a kan tudu. Duk ta tagar mota muka gan su. A gidan tarihi ake sayen tikitin jirgin, don haka muka ratsa shi da sauri, muka wuce igiyoyi masu kaurin cinya, da ƙararrawar tagulla, da hotunan matuƙa masu gemu. Dattijuwar da ke teburin ta ce rukunin ƙarshe na masu shiga jirgin ya riga ya sauko, an kulle, mai makullin ma ya tafi. Na ce gobe fa? Ta ce yau ce ranar ƙarshe a bana, sai ƙanƙara ta narke baɗi. Na roƙe ta da duk Turancin da Allah Ya hore min. Ta ba ni haƙuri, kuma ni ban ga laifinta ba.

Jirgin yana nan a ɗaure, baƙi ƙirin, an gitta sarƙa a bakin matakala. Kawu ya bi gefensa a hankali har ya sami wata 'yar taga zagayayya daidai ƙirjinsa. Ya sunkuya, ya tare fuskarsa da hannuwa biyu, ya daɗe yana leƙe. Ciki duhu ne, na san ba abin da yake gani. Ana haka mijin yayata ya ɗaga waya ya ce, "Kawu, juyo nan, smile." Wallahi da ba don darajar furfura a wurin ba, da na jefa wayar nan cikin tafkin.

Cikin dare muka dawo Bronx. Washegari sai ga hoton a zauren WhatsApp na dangi, an rubuta an cika wa Kawu burinsa, ana ta sa wa mai motar albarka.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, karar da muke taƙama da ita akwai wanda ke biyan kuɗinta, kuma yawanci mai kunyar cikinmu ne. Mun kiyaye mutuncin mutanen da za mu iya gani ko wane mako, muka zubar da buƙatar wanda ba lallai ya sake tsallako ruwa ba. Ranar da nake haɗa masa kaya na ba shi haƙuri. Ya ci gaba da ninke shaddarsa, bai ɗago ba.

"Tun da aka ɗora waken nan na san ba zan shiga ba," in ji shi. "Amma ni aka kawo. Da wane baki zan ce a tashi?"