Jan Ɗigon da Na Gani a Hanyar Jidda

Daga Kano

Na bar gida Gwammaja ana kiran assalatu, Hajiya Binta maiɗakina ta rako ni har ƙofa tana cusa mini maganin ido a aljihu. Ni dai tsohon sufeton 'yan sanda ne da ciwon suga ya soma taɓa wa gani. Likita ya ce duk ranar da na ga wani ɗigo yana yawo a idona, in zo da gudu, don abin da ke bayansa makanta ce. Wannan magana ita ta taso ni Umara. Ina so in ga Ka'aba tun ina gani.

Jirgi ya sauke mu Jidda da la'asar. Abdulmajid, ɗan yayata Hauwa, ya zo ɗaukata. Haifaffen Makka ne, yana aikin gadi a wani kamfani, Hausarsa kuwa rabi Larabci ce. Mun kusa Makka ya rage gudu ya ce, "Kawu, nugɗa. Fito da fasfo." Na duba na ga shingen jami'an tsaro, na riƙe a raina cewa nugɗa shi ne shinge.

Tandabawi

Bayan na sauke Umara, Yaya Hauwa ta tare ni a gidanta da ke unguwar Tandabawi da shinkafa da naman rago, da tsire irin na mutanenmu na can. Ashe tun 'ya'yanta suna ƙanana take cika musu baki cewa ƙaninta na Nijeriya ba ya kuskuren saiti. Saboda haka Abdulmajid ya dage sai mun je wurin da su masu gadi suke koyon harbi, can wajen iyakar Harami. Na so in kawo uzuri, Yaya ta harare ni irin hararar da na sani tun ina yaye.

Wurin harbi

Da hantsi muka isa. Aka toshe mana kunne, aka ba ni ƙaramar bindiga. A bayanta akwai wani ɗan gilashi da bai fi farcen babban yatsa ba, ya lafe kamar ƙadangare a katanga. Na ɗauka ado ne, na ce a raina Larabawa har bindiga sai sun sa mata tabarau.

Abdulmajid ya ce, "Kawu, ka ga nugɗa?"

Na ajiye bindiga, na waiga hagu da dama, na shafa aljihun fasfo. Na ce ban gani ba. Ya ce in sake ɗagawa, za ta fito. Na yi mamakin shingen da ɗaga bindiga ke fito da shi.

Na ɗaga, na rufe ido ɗaya yadda aka koya mana a bariki. Sai ga wani jan ɗigo yana rawa a tsakiyar takardar da zan harba. Na ƙifta, yana nan. Na motsa, ya biyo ni. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har a bakin aiki. Na ajiye bindiga bakinta na kallon gaba, na zauna, na ce ya kai ni asibiti, abin da likita ya faɗa ya zo, jini ya tsinke mini a ido.

Ya tambaye ni me na gani, na faɗa masa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya dafa bango yana dariya har da hawaye.

"Ya Kawu, ita ce nugɗa! A gilashi take, ba a idonka ba."

Ashe kalmar ɗaya ce gare su, shinge nugɗa, ɗigo ma nugɗa, shi kuma bai san ɗigo da Hausa ba. Ya nuna mini cewa wata 'yar fitila ce ke jefa shi, ana buɗe ido biyu, a kalli takardar, a ɗora ɗigon inda ake so. Sai da na sa shi ya leƙa ya rantse shi ma yana gani, sannan na miƙe na sake ɗaukar bindigar. Na harba, harsasan duk suka shiga takarda. Da Yaya ta ji labari ta ce na ba ta kunya, ta kuma ƙara mini nama.

Da yamma na koma Harami na zauna ina kallon Ka'aba, ido biyu a buɗe, har aka kira magariba. Na yi kuka, ba kuma na kunya ba.

Komowa

Mun sauka Kano lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Yaya da ɗanta. A hanyar gida na ce wa mai tasi ya rage gudu, ga nugɗa can. Ya ce mene ne kuma nugɗa, shi bai ga komai ba. Sai da muka ƙara tafiya sannan ya hango shingen. Na riga shi gani, shi da yake sa'an ɗana.