Ranar da Na Kai Mai Kalangu Taron Rijiya

Da ana maido da rana baya, Alhamis ɗin da na kai mai kalangu zauren taronmu ita zan fara gogewa. Na yi kurakurai da suka fi wannan girma a idon mutane, amma shi ne yake faɗo mini duk sa'ad da na ga an zura guga a rijiya.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Kuɗin wuri yana fita, anini yana shigowa, dattawa suna juya shi a hannu suna mamakin hudar tsakiyarsa. A unguwarmu, kusa da Ƙofar Taramniya, akwai taron taimakon juna da ake yi kowace Alhamis bayan la'asar, a zauren wani dattijo dillalin shanu, wanda shi ne shugaba. 'Yan taron mahauta ne da dillalai da masu noman shinkafa a fadama. In rufin wani ya zube, ko gobara ta ci rumbu, nan ake tayar da maganar. A wannan shekarar bakin rijiyar unguwa ne ya fara zaizayewa. Mahaƙa suka ce in ba a ɗaure shi da dutse kafin ruwan farko ba, rijiyar za ta rufta, mata su koma ɗibar ruwa a gulbi.

Ga yadda ake tara gudummawa. A lungun zauren akwai zana a kafe, bayanta babbar ƙwarya rufe da faifai, da taiki a gefe. In an shafa addu'a, kowa ya tashi shi kaɗai ya shiga bayan zana. Mai anini ya jefa, mai wuri ya jefa, mai gero ya juye a taiki. Wanda ba shi da komai ma yakan shiga, ya ɗan motsa faifai, ya fito yana gyara riga. Ba mai sanin na wani.

Ni kuwa saurayi ne, na ɗan zauna a elementare kafin malamai su gaji su maido ni wa mahaifina a mahauta. Na iya rubuta sunana da boko, don haka nake ganin duk unguwar ba mai dabara sai ni. Na ce wa shugaba wannan ƙwaryar ba za ta cika ba sai damina ta wuce. Na tuna masa bikin mahauta, yadda in kalangu ya tashi har marowaci yake tuɓe riga ya bayar. Ya daɗe yana dubana, ya ce shi dai haka ya tarar ana yi, amma tun da hadari ya fara leƙowa ta gabas, in gwada.

Da kaina na naɗe zanar. Mai kalangu ya shigo yana matse shi a hammata, ya fara bin mutane ɗaya ɗaya da kirari. Wani dillali ya ce ya ba da maraƙi, abokin gasarsa ya ce saniya. Ina ta washe baki. Sai makaɗin ya juyo kaina, ya kira ni mai alƙalami, ya ƙirƙiro wa kakana jaruntar da ko a gidanmu ba a taɓa ji ba. Na ji bakina ya ce, "Rago." Ko kaza ba ni da ita. Ragon na Inna ne, wanda take kiwo don layya.

Daga ni sai ya tsaya gaban Baffa, tsohon badukun da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya ɗinka mini takalmina na fari. Idanunsa sun dushe, ya bar aiki. Makaɗi ya yi ta bugu a kansa. Baffa ya laluba aljihu, ya fito da ɓarin goro. Makaɗi ya ɗaga shi sama ya ce ga dutsen farko na rijiya. Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Baffa ya miƙe ya lalubi takalmansa, ya tsaya daidai inda nake.

"Ɗana," in ji shi, "da can ina shiga bayan zana in hito kamar kowa."

Ya fita.

Alhamis ta gaba zauren ya zama fili. Marasa hali sun ƙi zuwa don kada a tsaya a kansu, masu hali sun ƙi zuwa don kada a tambaye su. Maraƙi da saniya duk aka ce sun bi Fulani kiwo daji. Makaɗi ne kaɗai ya ci riba, don har hulata ya tafi da ita tukuici. Shi ne kuma ya zo ƙofar gidanmu yana kiɗan mai rago, ta haka Inna ta ji labari.

"Ragon wa ka ba su?" ta ce. "Kai da ko dusa ba ka taɓa kai mishi ba?"

Duk da haka ta kwance shi ta miƙo mini igiya, ta ce ba za a ce ɗanta ya yi magana a gaban dattawa ta faɗi ƙasa ba. Da sallah, duk wanda ya tambayi naman layyarta, sai ta ce ya leƙa rijiya.

Rago ɗaya bai isa dutse ba. Shugaba ya maido da zanarsa, mutane suka fara dawowa kaɗan kaɗan, amma lokaci ya ƙure. Ruwan farko ya tarar da rabin baki a ɗaure, ɗaya rabin ya rufta. Duk daminar nan, mata gulbi suke zuwa, ni ma Inna ta ɗora mini tulu na bi layinsu, suna yi mini sannu da aiki mai alƙalami. Sai bayan kaka aka gyara rijiyar, da abin da ƙwarya ta tara.

Baffa bai sake taka zauren ba. Kullum nakan ce gobe zan shiga in ba shi haƙuri, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina cikin goben aka yi sallama da mahaifina aka ce a fito jana'izar Baffa.

Ku da kuke tara taimako a unguwanninku yanzu, ku yi mini dariya yadda kuke so, na cancanta. Amma don Allah kada wani ya sake naɗe zanar nan.