Goman Me?

Wata rana wani tsohon magini a Illela, Malam Sidi, ya ajiye cokalin gini ya ce ya gaji. Lambun mangwaro zai yi, ya ci daga ciki, ya bar wa 'ya'yansa mata abin da za su riƙe bayansa.

Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Idan bango ya karkace da inci ɗaya, rushewa yake yi ko mai gida na kuka.

Ya tsallaka Birnin Ƙonni ta Nijar wajen wani mai dashe, Isufu, ya sayo aurarren mangwaro. Yana ɗaure kaya ya tambayi tazarar da zai bari tsakanin bishiya da bishiya.

Isufu ya ce, goma-goma.

Malam Sidi ya dawo ya ja igiya. Ƙafa goma nan, ƙafa goma can, layi ɗoɗar kamar harsashin gini.

Ya yi ban ruwa da rani. Ya kori awaki har ya ɓata da maƙwabta.

Itatuwa suka tashi, sai dai sama kawai suke yi, sirara, kowace na neman rana. Rassa suka sarƙe, ƙasa ta yi duhu. Fure ya fito ya kakkaɓe.

Ya ƙara taki. Ya yi feshi. Ya yi sadaka. Aka ce baki ne, ya yarda.

Shekaru suka tafi a haka, gwiwoyinsa ma suka tafi.

Da abin ya ishe shi, ya aika aka ɗauko Isufu a babur, ya shirya masa faɗa. Isufu ya shiga lambun, ya ɗaga kai ya dubi rassan, sannan ya ce:

"Baba, ba goma na ce maka ba?"

"Goma na yi. Auna ka gani."

"Goman mi?"

"Ƙafa mana."

"Wayyo Baba. Mu can mita muka sani."

Mita ɗaya ƙafa uku ce da ɗoriya. Wurin bishiya ɗaya, Malam Sidi ya cusa kusan goma.

Isufu ya ce sai a sare yawancinsu. Waɗanda za a bari ma sun riga sun miƙe babu rassan ƙasa, sai an datse su an jira su sake tohowa. Gara ma sabon dashe.

Dattijon ya dubi tsofaffin hannayensa. Bai tambayi shekara nawa za a jira ba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ba lalaci ya yi ba, ba kuma cutarsa aka yi ba.

Har yau bai sare ko ɗaya ba. Masu wucewa kan tsaya su sha inuwa, su ce, "Malam, lambu ya yi kyau!"

Sai ya ce, "Alhamdulillahi," ya kawar da kai.

Darasi: Ƙwazo ba ya gyara abin da ka ji rabi. Wani kuskuren ba ya nuna kansa sai ƙarfin gyara shi ya ƙare. In an ba ka lamba, tambayi sunanta.

Tura wa wanda ke shirin fara wani abu. Mai yiwuwa shi bai makara ba.