Tayar da na ɗinka da dokar da na kafa da bakina

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara kuka kamar ƙyauren kwano ba, 'yan kabu-kabun wajenmu suna tseren moto duk bayan kaka. A tashi daga bakin kasuwar Mallawa, a zagayo wani gawo can cikin yashi, a dawo. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi rago. Mu masu gyara kuwa ba ragon muke kallo ba. Duk wanda moton da ya ci ya fito daga hannunsa, wurinsa 'yan kabu-kabu za su yi ta kai gyara har shekara ta zagayo. Ni a lokacin kaji sun fi mutane zuwa rumfata.

Wata shekara wani Alhaji daga Magariya ya ɗauko ƙaton inji ya cusa wa ƙaramin moto, mahayinsa ya wuce kowa kamar a tsaye suke. Na yi ta kumfar baki. Ni na tara mutane na ce sai an kafa doka. Aka kira mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya zo da takarda da bik, tunda ni aji biyu na yi, na biyun ma ta taga na fita.

Mushe ya ce, "Baba, injin kaɗai za a hana taɓawa?"

Na ce, "Duka! Yadda moto ya fito daga kwali haka zai shiga tsere. Ko ƙusa ɗaya aka sauya a fid da shi."

"Baba, ka yi tunani dai. Ku ne fa masu gyara."

"Rubuta, mushe, ba wa'azi aka kira ka ba."

Ya rubuta. Ni na fara dangwala yatsa, har da dannawa.

Damina ta zo ta wuce, na manta da wata takarda. Ran nan ina zaune wurin abokina baduku yana yanka tsohuwar tayar mota yana takalma, sai abu ya faɗo mini. Yashinmu ba gudu yake so ba, riƙo yake so. Na roƙi guntayen da yake zubarwa, na ari basillarsa, na ɗinka su a gicciye a bayan tayar baya. Gwajin farko guda ya tsinke ya mare ni a kunne, na kwana uku ina jin ƙudan zuma. Matata ta ce, "Malam, moton ma ya gaji da kai." Gwaji na uku ya riƙe. Ƙanena, wanda ɗan kabu-kabu ne, ya hau ya shiga yashin da amalanke ke kafewa, tayar na haƙa kamar fartanya, moton na tafiya.

Ranar tsere ƙanena har ya sha ruwa ya goge fuska kafin na biyu ya ɓullo. Ina ta tsalle, hulata ma ban san inda ta faɗi ba. Sai Alhajin nan ya sa hannu a aljihu, a natse, ya zaro takarda.

"Mushe, karanta mana."

Na ce, "Ku buɗe injin ku duba! Ban taɓa shi ba!"

Alhaji ya ce, "Ai ba inji ka ce ba, malam makaniki. Duka ka ce. Wannan ƙaton yatsan na sama na waye?"

Aka ja ragon aka miƙa wa na biyu, mahayin Alhaji, a kan sabon moton da aka tsallako da shi daga Najeriya a makon. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, mutum goma sha wani abu suka kasa kayar da ni, kai ka kayar da ni da bakinka." Wata guda bai taka gidana ba. 'Yan kabu-kabu kuma suka ɗauke ƙafa, wai rumfata ce inda ake gyara wa mutum moto a kore shi.

Na koma na ce a gyara dokar, a hana babban inji a bar mutum ya yi dabararsa. Ina! Masu sabbin motoci sun riga sun ɗanɗana. Suka ce doka doka ce.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya ke nan. Don kada kuɗi ya ci tsere na nemi doka, sai ta ɗaure hannun mai dabara ta saki aljihun mai kuɗi. Tun daga nan ba makanikin da ya sake gwada wani abu. Ko ba ka je kallo ba ka san wanda zai ci, ka tambayi wa ya sayi moto a watan nan. Kuma ba ni da wanda zan zaga son raina, don duk zagin da na faro sai ya biyo ta ƙofata.

Da na tsufa sai suka zo wai ni zan riƙa duba motoci kafin a tashi, tunda na san duk wata ha'inci. Na karɓa da hannu biyu. Bara na leƙa ƙarƙashin wani tsohon moto na ga aikin da ba kamfani ya yi ba, aiki mai kyau, wallahi. Mai shi yana ta zufa. Shugaban komiten tseren ya ce, "Baba, ka ga wani abu?"

Na miƙe na kaɗe riga na ce, "Ɗana, idon nan ya tsufa. Ku wuce da shi."