Madam Felicia, Mai Rubutu a Bayan Takardar Gwaji

Ƙarfe shida da rabi na safe a-daidaita-sahu yake sauke ta a bakin wani ɗan asibiti da ke Sabon Gari, can cikin lungu, tsakanin shagon mai gyaran fanka da na mai sayar da garin rogo. Tana shiga sai ta rataye jakarta, ta sa farar riga, ta goge madubin da take hangen ƙwayoyin cuta da shi, sannan ta buɗe 'yar tagar da ake miƙo mata kaya. Kayan kuwa, ku gafarce ni, bayan gida ne. Shekara talatin da uku ke nan Madam Felicia Ishaya, 'yar Wusasa, tana duba abin da kowannenmu yake juya wa baya, kuma ƙarshen wannan watan za ta ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar nan ya san yadda muke yi. Asibitin yana ba da 'yar roba mai murfi, amma mu mutanen Fagge a kwalin ashana muke kawowa, an naɗe shi da baƙar leda uku kamar laya. Kuma ba wanda ya taɓa kawo nasa. Za ka ga ƙaton Alhaji da babbar riga ya sunkuyar da kai yana cewa, "Saƙo ne aka ba ni." Ita kuma sai ta karɓa da fuskar gaskatawa, ta ce, "To Alhaji, ka gaya wa mai saƙon ya rage maiƙo."

Abin da ya raba ta da sauran masu gwaji shi ne, in ta gama rubuta sakamako a gaban takarda da Turancin likitoci, sai ta juya bayanta ta yi wani rubutun da Hausa. Ba magani take rubutawa ba, ta ce wannan ba hurumin ta ba ne. Abinci take rubutawa, da tafiyar ƙafa, da barci. Chidiebere, mai sayar da kayan gyaran mota, ya nuna mini tasa takardar da ya adana shekara tara. Shi a da burodi da lemon kwalba ne abincinsa safe da rana, duk ƙarshen wata kuma ya sha maganin wankin ciki ya wuni a banɗaki. Ta rubuta masa: wake, ganye, gwanda, a daina wankin ciki, a taka daga shago zuwa gida. "Wallahi Malam, na ji haushi," in ji shi. "Na zo neman magani, ta aike ni kasuwar 'yan ganye kamar akuya." Na ce, to ya aka yi? Ya ce ya daina wuni a banɗaki, amma har yau bai san dalili ba.

Ni ma ban sani ba, kuma gara in faɗa tun yanzu. Malamin makaranta ne ni, na yi shekaru ina koya wa yara cewa ƙwayoyin cuta abokan gaba ne, a wanke hannu, a kashe su. Matar nan ta rikita mini wannan karatun, kuma ba ta gama gyara mini shi ba ga shi za ta tafi.

Shekara biyu da suka wuce, bayan Babbar Salla, mahaifiyata Hajja ta kamu da ciwon ciki. Tana da shekara saba'in da ɗaya a lokacin. Na je wurin wani mai kemis a unguwarmu, ya ce taifot ne, ya ba ni kafso. Ta sha, ta ɗan samu sauƙi, sai gudawa ta biyo baya. Na koma, ya ce taifot ɗin ne bai mutu ba, ya ba ni wanda ya fi ƙarfi. Haka muka yi sau huɗu a cikin wata uku. Ni nake saya, ni nake ɓare mata, ni nake riƙe mata kofi har ta haɗiye, tana sa mini albarka. Kullum ina ƙara magani, kullum tana ƙara zubewa. Awarwaronta da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma yana gangarowa har gwiwar hannu. Salla ta koma a zaune, daga baya a kwance. Ran da na ji ta kira ƙanwata Zulfa tana gaya mata inda ta ajiye likkafaninta, sai na fita tsakar gida na tsaya kamar an dasa ni. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Wani maƙwabci ne ya ce a kai bayan gidanta wurin Madam Felicia. Hajja ta ce gara ta mutu da mutuncinta. Zulfa ce ta yi dabarar da ta yi, ni kuma na ɗauki kwalin ashanata na nufi Sabon Gari.

"Na wata maƙwabciyarmu ne," na ce.

"Shekarunta nawa?"

"Saba'in da ɗaya."

"Sau nawa take zagayawa a wuni?"

"Jiya sau tara."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta. "Malam, ka san lissafin maƙwabciyar nan da kyau. Mamanka ce?"

Na ce ita ce.

Bayan awa guda ta kira ni, ta ce ba ta ga tsutsa ba, ba ta ga ƙwai ba, ba ta ga komai daga abin da madubinta ke iya kamawa ba. Raina ya ɓaci. A wurinmu gwajin da bai nuna cuta ba, ba a yi shi ba. Na ce, "Madam, mace tana can tana mutuwa, ki ce mini babu komai?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce in koma gida in kwaso mata duk ledar maganin da Hajja ta sha, ko da fanko ne. Hajja ba ta zubar da komai, don haka sai ga ni da gwangwanin alewa cike taf. Ta zazzage shi a kan teburi tana jujjuyawa da biro.

"Malam Sammani, zauna," ta ce. "Cikin mutum kamar kasuwar nan tamu ce. Akwai 'yan ƙananan halittu a hanjin kowa, sun fi mutanen duniya yawa, kowa da rumfarsa. Wasu suna taya narka abinci, wasu suna tsare hanya kada miyagu su samu wurin zama. Wannan kafso ba ya tambayar sunan kowa. Don ɓarawo ɗaya, wanda ma ba a tabbatar ya shigo ba, an cinna wa kasuwa wuta sau huɗu."

Na ce, "Kina nufin akwai ƙwayoyi a cikin Hajja?"

"Ina nufin sun yi ƙaranci."

"To ba abin da muke nema ke nan ba?"

"A'a."

"To ki nuna mini na kirkin a madubinki."

"Madubina ba ya rabe na kirki da na banza. Duk kamarsu ɗaya a idona."

Kaina ya ɗaure tamau. Mace ta ce abu yana nan, ta ce ba ta iya nuna shi, ta ce kuma rashinsa ne yake kashe uwata. Da wani ne ya faɗa mini haka a bakin tasha, da na ce ɗan damfara ne. Amma ita ba ta sayar mini da komai ba. Cewa ta yi, "Ni ba likita ba ce. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka kai ta babban asibiti, ka tafi da gwangwanin nan ka ajiye a gaban likita." Ta juya takardar ta rubuta hakan, ta ja layi biyu a ƙarƙashin "yau".

Likita ya ga gwangwani ya girgiza kai, ya kwantar da Hajja, aka sa mata ruwa, aka sake wani gwajin. Ya hana duk magungunan da nake ba ta. Sannan, jama'a ku taya ni ji, ya rubuta mata wani maganin kashe ƙwayoyin na kwana goma. Ko zama ban yi ba, na koma Sabon Gari da takardar a hannu.

"Madam, kin ce irin wannan ne ya ƙone kasuwa. Ga shi an sake kawo ashana."

Ta yi dariya har ta cire gilashi. "Bayan gobara wani mugu ne ya mamaye filin shi kaɗai. Wannan shi aka auna aka saita. Ka ba ta, kada ka tsallake ko ɗaya."

Na ba ta. Ban gane ba, amma na ba ta.

Aka sallamo Hajja gudawa ta tsaya, sai dai ba ta cin komai in ba shayi da biskit ba, kuma ba ta iya tashi. A nan ne bayan takarda ya yi aikinsa. Madam Felicia ta rubuta: kindirmo mai tsafta wanda aka tafasa madararsa, koko, miyar kuka da daddawa, faten wake kaɗan-kaɗan, ganyen zogale, da 'yar tafiya daga ɗaki zuwa zaure in ƙarfi ya samu. Ta ce masu bincike suna ganin irin wannan cimar tana taimaka wa mutanen kasuwa su dawo rumfunansu, ko da yake su ma ba su gama sanin yadda abin yake ba. Da Zulfa ta karanta wa Hajja, sai ta juya fuska bango. "Nono a kan zawo? Tun kakata ban taɓa ji ba. Wannan mata ƙarasa ni take so ta yi." Gaskiya ni ma a raina na goyi bayan Hajja.

Na je na gaya wa Madam Felicia an ƙi. Ta tambaye ni kwatancen gidanmu kawai.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga sallama. Ita ce, da kayan cocinta da ɗaurin ɗankwali, riƙe da 'yar ƙwaryar kindirmo a cikin leda. Ta durƙusa ta gaida Hajja kamar yadda 'ya take gaida uwa. Ba ta yi maganar ciki ba, ba ta yi maganar magani ba. Ta ce, "Mama, daga coci nake, yunwa nake ji, kuma ni ba na iya cin abinci ni kaɗai a gidan mutane." Ta sa aka kawo ludayi biyu.

Wanda ya san tsofaffin Barebarin Fagge irin su Hajja ya san an gama da ita. Za ta iya ƙin likita, za ta iya ƙin ɗanta, amma baƙuwa ta zauna a ɗakinta tana ci ita tana kallo, wannan abin kunya ne da ba za ta kai kabari ba. Ta ce a tayar da ita zaune. Ta sha ludayi uku tana harararmu. Da baƙuwa ta tashi tafiya, Hajja ta ce ai ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, Zulfa ta riƙe ta, ta raka ta har bakin ƙofar ɗaki. Taku biyar ne, na ƙirga.

Lahadi bakwai ta yi tana zuwa. A ta uku Hajja ta sa aka yi burabusko da miyar kuka, wai kada a ce kullum baƙuwa ce ke kawo abinci. A ta biyar rakiyar ta kai zaure. A ta bakwai sai da na bi su a baya, don Hajja ta kai ta har bakin titi tana taya ta cinikin a-daidaita-sahu.

Ke ce, Madam Felicia, kika san inda iliminki ya tsaya, kika tsaya a nan, ba ki ƙara ko taku ɗaya don a ce kin iya ba. Ke ce kika gane cewa tsohuwar da ba a iya ba ta umarni ana iya zame mata baƙuwa. Mai duba abin da ake gudu, uwar masu saƙo. Har gobe in aka tambaye ni ko kindirmon ne ya tayar da Hajja, ko maganin likita, ko rakiyar, ko duka, ba ni da amsa. Na tambaye ki, kika ce ke ma ba ki sani ba, Allah ne ya sani. A aji kuma yanzu in na ce wa yara su wanke hannu su kashe ƙwayoyin cuta, sai in ƙara da cewa amma akwai na kirki a cikinku, ku ba su wake. Su kalle ni, in kalle su.

Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya a Wusasa. Masu aikin gwaji da ke tasowa, takarda fuska biyu gare ta, ku riƙa juyawa. Mu kuma masu sayen kafso kamar gyaɗa duk ran da ciki ya yi ƙugi, mu tsaya a auna tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. A Lahadi ta biyu ina tsaye a bakin ƙofa na ji Hajja ta tambaye ki, "Wai ni me ya same ni ne?" Kika ce, "Ciwo ne, Mama, ya zo kuma yana tafiya. Ki gode Allah da ya ba ki ɗa mai kula." Ba ki dube ni ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kin riƙe mini wannan shekara biyu, kuma na san da shi za ki tafi. Ni ne na kasa riƙewa. Har yau Hajja tana gaya wa mutane cewa ba don maganin da Sammani ya yi ta saya ba, da tuni an manta da ita, ni kuma in yi murmushi kunya tana cina.

Hajja ba ta karatun boko, amma duk abin da na rubuta sai ta sa Zulfa ta karanta mata. Zulfa, in kin zo nan kada ki tsallake. Hajja, maganin da na riƙa ba ki da hannuna shi ne ya kusa raba mu. Ban sani ba. Ki yafe mini.