Ta Allah Kaɗai

Ranar wata Alhamis a watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji huɗu, ina tsakar gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina ina carafke da baƙaƙen duwatsun unguwar, na yi biris da tsintar dabinon da aka sa ni, sai wata yarinya ta faɗo mana babu ko sallama. Ba takalmi a ƙafarta, ga ranar Madina mai gasa dutse, tafin ƙafar duk ya yi bororo. Ta wuce ni, ta wuce Ummi mahaifiyata da ke shanya, ta durƙusa gaban Kaka Ladi, uwar mahaifina.

Sunanta Zulai. Wani Alhaji ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya kawo ta da sunan umara, ya riƙe fasfonta, ya kai ta aikatau gidan da ake kulle ta da kwaɗo in za a fita. Wata mai sayar da gyaɗa ce ta raɗa mata cewa duk ranar da ta samu kafa, ta nemi gidanmu. Kaka ta shafa mata lalle a ƙafa, ta tura ta ɗakin buhunan dabino, ta ce kowa ya ja bakinsa. Da Baba ya dawo daga tuƙin bas ya ji labari, sai da ya nemi wurin zama. Ya ce ɓoye 'yar aikin da ta gudu laifi ne, ana iya rufe shi, aikinsa ya tafi, gara a mayar da ita a ba da haƙuri. Har yau ban ga laifinsa ba, shi ke ciyar da mu. Ummi ce ta ce masa a hankali, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne." Kaka kuwa ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin.

Mu haihuwar Madina Hausarmu rabi ce, a yi mana magana mu amsa da Larabci. Na sha jin tsofaffin unguwa suna cewa Kaka baiwa ce a da, na ɗauka baiwar nan da Allah ke yi wa mutum suke nufi, har ina yi wa 'yan ajinmu taƙama da ita. Dolanci kenan.

Bayan la'asar Alhajin ya iso, yana ƙamshin turare. Ni ya fara kamawa da murmushi, ya tambaye ni ko mun yi baƙuwa. Na ce "Ma adri," wato ban sani ba, na maƙale jikin bango. Sai ga tari daga ɗakin dabino. Duk muka ji, shi ma ya ji. Murmushin ya ɗauke, ya ce zai kira 'yan sanda yanzun nan, ya matsa gaban tabarmar.

"Baiwar Allah, ba ni hanya in ɗauki yarinyata."

"Ka faɗi daidai, Alhaji. Ta Allah, Shi kaɗai. Na taɓa zama ta mutum, na san ɗanɗanonta."

Ta janye zanenta ta nuna wani tabo da ya zagaye idon sawunta, wanda kullum nake zaton ƙuna ce. Ta gaya masa tana yarinya iyayenta suka rasu a hanyar hajji, wanda aka danƙa wa amanarta ya sayar da ita, aka ɗaure ta a wata gona a Jurf, can gefen Madina. Ta gudu ne a ƙarƙashin lodin ganyen dabino bisa jaki, daga baya kuma ta riƙa komawa gonakin da sunan talla, tana fitar da wasu yaran ta wannan hanyar, a zamanin da in an kama ta kashinta ya bushe. Ta ce ya kira 'yan sandan, ita ma tana so su tambaye shi inda fasfon yarinyar yake. A wurin na gane ma'anar kalmar baiwa, kuka ya ƙwace mini. Baba, wanda ɗazu yake cewa a mayar da ita, ya tashi ya tsaya kusa da uwarsa, bai matsa ba. Alhajin ya dube su, ya dubi maƙwabtan da suka fara leƙowa, ya sa takalminsa ya fita. Dattawan unguwa ne suka karɓo fasfon, bayan ƙaramar salla kuma Zulai ta koma wajen iyayenta.

Kaka tana kwance a maƙabarta yanzu, gidan ma an rushe shi. Ina zaune a bene a unguwar Al-Khalidiyya, ban san sunan maƙwabciyata ba, kuma ba wata mai gyaɗa da za ta kwatanta wa kowa gidana. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. Duk lokacin da aka buga mini ƙofa da ƙarfi, sai na leƙa ta 'yar kafar ƙofar tukuna, ina tambayar kaina ko zan buɗe.